Farfesa Yemi Osinbajo: Tambayoyi da amsoshi kan yadda lauya ya kai kujerar mataimakin shugaban ƙasa

Shekara takwas Yemi Osinbajo ya yi yana mataimakin shugaban Najeriya, daga 2015 zuwa 2023, kuma sau da dama a cikin waɗannan shekaru ragamar ƙasar ta koma hannunsa a matsayin muƙaddashi. Abin da ya bambanta shi da yawancin waɗanda suka hau irin wannan kujera shi ne bai taɓa zama kansila ba, bai taɓa zama ɗan majalisa ba, bai kuma taɓa zama gwamna ba. Aikin lauya ne ya kai shi inda ya kai. Ga tambayoyin da aka fi yi game da hanyar da ya bi.

Daga ina ya fito, kuma me ya karanta?

An haife shi a Legas ranar 8 ga Maris, 1957, asalin iyayensa kuma Ikenne ne a jihar Ogun ta yanzu, garin su Cif Obafemi Awolowo. Ya yi sakandare a Kwalejin Igbobi da ke Yaba, ya gama digirin shari'a a Jami'ar Legas a 1978, ya wuce makarantar horas da lauyoyi, aka rantsar da shi lauya a 1979. Ya yi bautar ƙasa a tsohuwar jihar Bendel, sannan ya yi digiri na biyu a makarantar nazarin tattalin arziki ta Landan. A 1981 ya dawo Jami'ar Legas ya kama koyarwa, yana ɗan shekara 24. Fannin da ya fi yin suna a kai shi ne dokar shaida, wato ƙa'idojin abin da kotu za ta karɓa a matsayin hujja da wanda za ta yi watsi da shi. Daga baya ya zama farfesa, ya shugabanci sashen dokokin gwamnati na jami'ar, ya kuma samu lambar Babban Lauyan Najeriya da ake kira SAN.

To yaya malamin jami'a ya tsinci kansa a cikin gwamnati?

Ta ƙofar aiki ya shiga, ba ta ƙofar jam'iyya ba. A 1988, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, ministan shari'a kuma antoni-janar na tarayya, Yarima Bola Ajibola, ya ɗauke shi mai ba shi shawara kan shari'o'in gwamnati. Ajibola babban lauya ne da daga baya ya zama alƙali a kotun duniya da ke Hague, kuma zama a ofishinsa ya koya wa matashin malami abin da aji ba ya koyarwa: yadda ake tsara doka, yadda takarda ke yawo daga tebur zuwa tebur, da yadda ake gaya wa mai mulki cewa abin da yake so doka ba ta yarda ba, ba tare da an rasa kujera ba. Bayan nan ya yi aiki da tawagar Majalisar Ɗinkin Duniya a Somaliya, a sashen da ke ƙoƙarin farfaɗo da harkar shari'a.

Tun daga nan tsarin rayuwarsa ta aiki ya fito: wani babba ya ga yana da amfani, ya jawo shi kusa. Ajibola ne na farko, Bola Tinubu na biyu, Muhammadu Buhari na uku.

Me ya yi a Legas har ake yawan ambaton shekarunsa na kwamishina?

Da aka dawo mulkin farar hula a 1999, sabon gwamnan Legas, Bola Tinubu, ya naɗa shi antoni-janar kuma kwamishinan shari'a. Ya riƙe muƙamin har 2007, wa'adi biyu cif. Wannan kujera ta bambanta da sauran kujerun kwamishinoni, domin kundin tsarin mulki ya ce ba mai hawanta sai wanda ya yi aƙalla shekara 10 da zama lauya. Ita ce tagar da lauyoyi suka fi shiga gwamnati ta cikinta.

Kotunan Legas na lokacin sun yi ƙaurin suna wajen jan shari'a. Rigimar fili ko ta bashi takan yi shekaru, har wani lokaci mai ƙara ya mutu 'ya'yansa su gaji shari'ar. A zamanin Osinbajo aka buɗe ofishin lauyoyin da ke kare marasa ƙarfi kyauta, da cibiyar sasanta jama'a inda mai gidan haya da ɗan haya, ko mai aiki da ubangidansa, za su zauna a yi musu sulhu ba tare da zuwa gaban alƙali ba. An gyara albashi da walwalar alƙalai, an kuma sallami wasu da aka samu da laifi. A 2004 babbar kotun jihar ta fito da sabbin ƙa'idojin shari'a da suka tilasta wa lauya ya gabatar da takardunsa da bayanan shaidunsa tun ranar shigar da ƙara, maimakon ya riƙa fito da su ɗaya bayan ɗaya yana neman a ɗage zama. Jihohi da dama sun kwaikwayi wannan tsari daga baya.

Ba shi kaɗai ya yi waɗannan ba, akwai manyan alƙalan jihar da kuɗin da Legas ke da shi wanda sauran jihohi ba su da shi. Amma a ganina nan ne aikinsa mafi ɗorewa yake, fiye ma da abin da ya yi a Abuja.

Wace shari'a ce ta fito da sunansa a faɗin ƙasa?

Shari'ar kuɗin ƙananan hukumomi. Kundin tsarin mulki ya lissafa wa Legas ƙananan hukumomi 20, gwamnatin Tinubu kuma ta ƙirƙiro ƙarin 37, suka zama 57. A 2004 Shugaba Olusegun Obasanjo ya ba da umarnin a riƙe kason ƙananan hukumomi na jihohin da suka yi irin wannan ƙari. Ba Legas kaɗai abin ya shafa ba, har da Katsina da Neja da Nasarawa da Ebonyi. Sauran suka janye, Legas ta nufi Kotun Ƙoli, Osinbajo ne kuma ya jagoranci lauyoyinta.

A watan Disamba na 2004 kotun, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai Muhammadu Lawal Uwais, ta yanke hukuncin da ya bai wa kowane ɓangare abin riƙewa. Ta ce shugaban ƙasa ba shi da ikon riƙe kuɗin da tsarin mulki ya ware wa ƙananan hukumomi. Ta kuma ce jiha na da ikon ƙirƙirar sabbi, amma ba su cika ƙananan hukumomi ba sai Majalisar Tarayya ta shigar da sunayensu cikin kundi. Kowa ya fito yana cewa shi ya yi nasara, kuɗin kuma ba a gama sakinsu ba sai da Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda yake gwamnan Katsina lokacin da rigimar ta taso, ya hau mulki a 2007. Legas ta sauya wa sabbin 37 ɗin suna zuwa yankunan raya ƙasa, kuma har yau suna nan.

Wannan shari'a ta nuna wa Tinubu cewa yana da lauyan da zai iya tsayawa gaban gwamnatin tarayya. A siyasa irin wannan hidima ba a mantawa da ita.

Me ya yi tsakanin 2007 da 2014?

Ya koma aikin lauya mai zaman kansa a matsayin babban abokin tarayya a kamfanin lauyoyi na SimmonsCooper, ya ci gaba da koyarwa, kuma yana fasto a cocin Redeemed a Legas. Da aka kafa jam'iyyar APC a 2013, yana cikin waɗanda suka rubuta manufofinta.

Me ya sa aka ɗauke shi abokin takarar Buhari, alhali ba shi da magoya baya na kansa?

Lissafi ne na siyasa, kuma rashin magoya bayan na cikin abin da ya taimake shi. APC haɗaka ce ta CPC ta Buhari, da ACN ta Tinubu, da ANPP, da wani ɓangare na APGA, sai 'yan sabuwar PDP da suka shigo daga baya. Da Buhari ya lashe zaɓen fitar da gwani a Legas a Disamba 2014, kowa ya san kujerar mataimaki ta yankin Yarbawa ce. An yi ta raɗe-raɗin cewa Tinubu da kansa yake so, amma manyan jam'iyya da dama sun ji tsoron tikitin Musulmi da Musulmi, musamman ga ɗan takarar da 'yan adawa suka daɗe suna yi wa fentin tsattsauran ra'ayin addini.

Sai aka nemi Bayarabe, Kirista, wanda Tinubu ya amince da shi, wanda kuma ba shi da wani tabo na almundahana. Osinbajo ya cika duka, har da ƙari: fasto ne a ɗaya daga cikin manyan cocin ƙasar, matarsa Dolapo kuma jikar Awolowo ce, sunan da har yanzu yake da nauyi a ƙasar Yarbawa. Ranar 17 ga Disamba, 2014 aka bayyana sunansa. Ba shi ne fasto kuma lauya na farko da Buhari ya ɗauka ba, domin a 2011 Tunde Bakare ne abokin takararsa. Bambancin shi ne a wannan karon akwai ƙuri'un Kudu maso Yamma a bayan tikitin. A zaɓen 28 ga Maris, 2015 suka samu ƙuri'a miliyan 15.4, Goodluck Jonathan ya samu miliyan 12.8.

Wai mataimakin shugaban ƙasa yana da wani iko kuwa?

Kaɗan ne wanda doka ta ba shi kai tsaye. Tsarin mulki ya sa shi shugabancin Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, wadda gwamnoni 36 da gwamnan Babban Banki ke ciki, amma ita shawara kawai take bayarwa. Yana cikin majalisar tsaro da majalisar ƙoli ta ƙasa, wasu dokoki kuma sun ba shi shugabancin hukumomi irin su majalisar sayar da kadarorin gwamnati. Sauran aikin duk sai abin da shugaban ƙasa ya ga dama ya miƙa masa. Wanda ya tuna yadda Obasanjo ya raba Atiku Abubakar da ayyukansa a wa'adinsu na biyu ya san abin da ake nufi.

A wa'adin farko Buhari ya sakar wa Osinbajo abubuwa da yawa: tawagar kula da tattalin arziki, kwamitin sauƙaƙa kasuwanci, da shirye-shiryen tallafi irin su N-Power, ciyar da 'yan makaranta, biyan naira 5,000 ga gidaje marasa galihu, da TraderMoni da ke ba ƙananan 'yan kasuwa rancen naira 10,000. A 2017 shi ya jagoranci kwamitin mutum uku, tare da Abubakar Malami da Babagana Monguno, da ya binciki sakataren gwamnati Babachir Lawal kan kwangilar yankan ciyawa, da shugaban hukumar leƙen asiri Ayo Oke kan dala miliyan 43 da aka gano a wani gida a Ikoyi. An sallami dukansu biyu a Oktoba na shekarar.

Yaushe ya zama muƙaddashin shugaban ƙasa, kuma wace doka ta ba shi dama?

Sashe na 145 na kundin 1999. Ya ce idan shugaban ƙasa zai tafi hutu ko ya kasa aiki, zai aika wa shugaban Majalisar Dattawa da kakakin Majalisar Wakilai takarda, mataimakinsa kuma ya riƙe ƙasa har ya dawo. An ƙara wa sashen ƙarfi a 2010 saboda abin da ya faru lokacin jinyar 'Yar'aduwa a Saudiyya, inda ƙasa ta yi fiye da wata biyu ba takarda ba muƙaddashi, har majalisa ta fake da hujjar lalura ta miƙa wa Jonathan mulki a Fabrairu 2010. Yanzu idan kwana 21 suka wuce ba takarda, majalisa na iya miƙa mulkin da kanta.

Osinbajo ya riƙe na 'yan kwanaki sau biyu a 2016, amma manyan su ne na 2017, lokacin jinyar Buhari a Landan: daga 19 ga Janairu zuwa tsakiyar Maris, sai daga 7 ga Mayu zuwa 19 ga Agusta. A waɗannan watanni ya zagaya jihohin Neja Delta yana zama da shugabannin al'umma a daidai lokacin da fasa bututun mai ya durƙusar da kuɗin shiga. Ya aika wa Majalisar Dattawa sunan Walter Onnoghen ya kuma rantsar da shi Alƙalin Alƙalai a Maris, bayan watanni ana ce-ce-ku-ce kan jinkirin tabbatar da shi. Ya sa hannu kan kasafin 2017 na naira tiriliyan 7.44 a watan Yuni. A wannan wata ne kuma wasu ƙungiyoyin matasan Arewa suka yi taro a Kaduna suka ba 'yan ƙabilar Ibo wa'adin barin Arewa, shi kuma ya riƙa kiran sarakuna da dattawan ɓangarorin biyu daban-daban zuwa Abuja har ƙura ta lafa.

Yadda ya yi taka-tsantsan ma abin lura ne. Duk abin da ya yi, sai ya nuna da sanin maigidansa ya yi. Lauya ne da ya san iyakar takardar wakilcin da aka ba shi.

To korar Lawal Daura fa?

Nan ne ya yi amfani da ikon gaba ɗayansa. Safiyar 7 ga Agusta, 2018, Buhari yana hutu a Landan, jami'an hukumar tsaro ta farin kaya, DSS, rufe da fuska suka tare ƙofar Majalisar Tarayya suka hana 'yan majalisa shiga, kwanaki kaɗan bayan shugaban Majalisar Dattawa na lokacin, Bukola Saraki, ya fice daga APC. Kafin yamma Osinbajo ya sallami shugaban hukumar, Lawal Daura, ya ce abin da aka yi cin zarafin tsarin mulki ne kuma ba da izinin fadar shugaban ƙasa ba.

Ta fuskar doka ba abin da za a ce, muƙaddashi yana da cikakken ikon shugaban ƙasa. Ta fuskar siyasa kuwa ya taɓa ɗan garin shugaban ƙasa kuma na hannun damarsa. Buhari bai mayar da Daura ba, ya naɗa Yusuf Magaji Bichi a watan Satumba. Amma daga wannan hutu bai sake miƙa wa Osinbajo mulki ba har suka sauka. A Nuwamba 2019 ma Landan aka kai wa Buhari wani ƙudurin doka ya sa hannu, mataimakinsa na zaune a Abuja. A wannan shekara ce aka kafa sabuwar majalisar masu ba da shawara kan tattalin arziki da ke kai rahoto ga shugaban ƙasa kai tsaye, aka kuma mayar da shirye-shiryen tallafi ƙarƙashin sabuwar ma'aikatar jinƙai ta Sadiya Umar Farouq. Fadar ta ce gyaran tsarin aiki ne kawai. Mai karatu na iya jera ranakun ya yi wa kansa hisabi.

Wace suka ake yi masa?

Mafi ƙarfi ita ce ta shiru. Gwamnatin da yake mataimaki a cikinta ta ƙi bin umarnin kotu na ba da belin Sambo Dasuki da Sheikh Ibrahim Zakzaky tsawon shekaru. A Janairu 2019 ta dakatar da Onnoghen, mutumin da shi Osinbajo ya rantsar, ana saura makonni a yi zaɓe. Masu suka na tambaya: ina amfanin farfesan shari'a a fada idan ana irin wannan yana zaune? Masu kare shi na cewa mataimaki ba ya fitowa ya soki maigidansa a bainar jama'a, kuma ba wanda ya san abin da ya faɗa a cikin ɗaki. Duka biyun akwai gaskiya a ciki, sai dai amsar ta biyu ba ta wanke shi ba, domin hujjar da aka tallata shi da ita tun farko ita ce shi mutumin doka ne.

An kuma soki TraderMoni, saboda yadda ya riƙa shiga kasuwanni da kansa ana rabon kuɗi gab da zaɓen 2019. 'Yan adawa suka kira shi sayen ƙuri'a, gwamnati ta ce rance ne da majalisa ta amince da shi a kasafi.

Me ya sa ya faɗi zaɓen fitar da gwani na takarar shugaban ƙasa a APC a 2022?

Saboda a karon farko a rayuwarsa abin da ake buƙata ba amincewar mutum ɗaya ba ce, ƙuri'un daliget ne, su kuma daliget a hannun gwamnoni suke. Ya bayyana takararsa ranar 11 ga Afrilu, 2022, watanni uku bayan Tinubu ya bayyana tasa. Mutanen Tinubu suka kira abin butulci, suna cewa wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Nasa mutanen suka ce mutumin da ya yi shekara bakwai yana mataimaki, ya kuma riƙe ƙasa, ba ya buƙatar izinin kowa.

Wata gaɓa ta sabuwar dokar zaɓe ta 2022 ta ƙara dagula masa lissafi. Yadda aka rubuta ta, zaɓaɓɓun daliget ne kaɗai za su kaɗa ƙuri'a, ban da masu riƙe da muƙamai da a da suke shiga kai tsaye. Majalisa ta yi gyara, Buhari bai sa hannu ba kafin taron. Sai ya zama mutum uku-uku ne daga kowace ƙaramar hukuma, kusan 2,300 a jimlace, kuma kowa ya san wanda ke rubuta sunayensu a jiha. Gwamnonin APC na Arewa sun tsaya kan cewa mulki ya koma Kudu, wanda hakan ya karya yunƙurin tsayar da shugaban Majalisar Dattawa na lokacin, Ahmad Lawan, ɗan Arewa, amma da aka zo zaɓen ɗan Kudun, yawancinsu wajen Tinubu suka karkata. A dandalin Eagle Square 'yan takara irin su Godswill Akpabio da Ibikunle Amosun da Kayode Fayemi da Badaru Abubakar suka janye wa Tinubu ɗaya bayan ɗaya. Da aka ƙirga ranar 8 ga Yuni, Tinubu na da 1,271, Rotimi Amaechi 316, Osinbajo 235, Lawan 152.

Mutane da yawa sun yaba jawabinsa na daren. Amma kafin kowa ya hau mumbari an riga an gama magana a masaukan gwamnoni.

Shin dole sai mutum ya zama lauya kafin ya kai irin wannan matsayi?

A'a. Tsarin mulki takardar sakandare kawai ya nema, da shekara 35 tun bayan gyaran 2018, da kuma jam'iyyar da za ta tsayar da mutum. Shehu Shagari malamin makaranta ne, 'Yar'aduwa malamin kimiyyar sinadarai, Namadi Sambo mai zanen gine-gine, Kashim Shettima ma'aikacin banki. Awolowo, wanda lauya ne, ya nemi shugabancin ƙasa a 1979 da 1983 bai samu ba.

Ga ɗalibin da ke sha'awar hanyar, yanzu digirin shari'a shekara biyar ne, sai shekara ɗaya a makarantar horas da lauyoyi, wadda ke da hedkwata a Bwari da rassa a wurare irin su Bagauda a jihar Kano da Yola. Bayan shekara 10 da rantsuwa ne mutum zai cancanci kujerar antoni-janar ko neman lambar SAN. Abin da wannan karatu ke bayarwa shi ne damar zama kusa da masu mulki, domin kowane gwamna yana buƙatar wanda zai tsara masa doka ya kuma kare shi a kotu. Mazaɓa da daliget kuwa wani aiki ne daban da ake yi a gunduma, wajen biki da jana'iza da taron jam'iyya, kuma Osinbajo bai taɓa yin sa ba.

Me yake yi tun da ya sauka?

Ya miƙa wa Kashim Shettima kujerar ranar 29 ga Mayu, 2023. A watan Yuni na shekarar ya jagoranci tawagar ƙungiyar ƙasashe renon Ingila da ta sa ido a zaɓen Saliyo, daga baya kuma ya karɓi aikin ba da shawara ga wata gamayyar ƙasa da ƙasa da ke tallafa wa ƙasashe masu tasowa kan makamashi mai tsafta. Batun da ya fi yin magana a kai a tarukan duniya shi ne kada ƙasashe masu arziki su daina zuba kuɗi a harkar iskar gas a Afirka da sunan kare muhalli, alhali miliyoyin mutanen nahiyar ba su da lantarki kuma da itace suke girki.